Daga Juji Zuwa Bola: Shara da Kuɗin Kwasarta a Garin Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ma'aikatan tsafta da wasu 'yan boko, cewa wai Bahaushe ba ya son ware shararsa domin a sake sarrafa ta, kuma ba ya son biyan kuɗin kwasarta. Duk wanda ya zaga unguwannin Haɗejiya a ƙarshen bazara, ya ga yadda leda ta cika lambatu ta kuma rataye a kan ƙayoyi, zai iya cewa maganar tana da ƙamshin gaskiya. To, amma ɗalibin al'ada ba ya tsayawa a kan abin da ido ya gani kurum. Dole ya tambaya: yaushe abin ya zama haka, kuma me ya sake?

Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, gidan Bahaushe ya daɗe yana juya shararsa tun kafin a zo masa da wa'azin haka, kuma har gobe yana ware duk abin da ke da mai saye. Abin da ya lalace shi ne darajar ragowar. Sharar da a da manomi ke biyan kuɗi ya ɗauka, yau ita ce sai an biya wani kafin ya ɗauke ta. An ɗauki Haɗejiya misali ne domin gari ne da ke zaune a kwarin kogi, inda sakacin shara ba ya tsayawa a wari da ƙuda.

2.0 Kalmomin da abin da ke cikinsu

Turawa suna da kalma guda ta sake sarrafa abin da aka zubar. Hausa ba ta da irinta, sai mu yi ta zagaye muna cewa "sake sarrafa shara" ko "juya shara". Wasu sun ɗauki wannan hujjar cewa al'adar baƙuwa ce. A ganina akasin haka ne. Abin da kowa ke yi kullum ba tare da an sa shi ba, ba safai yake samun suna na musamman ba. Sunayen suna nan warwatse a jikin abubuwan: kanzo, ɗumame, dusa, ƙaiƙayi, tsumma, sakaina, tsingaro, toka. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi sunan ragowar wani abu ne, kuma kowace tana da aikin da take yi bayan aikin farko ya ƙare.

Sa'an nan akwai juji da bola. A yau mutane da yawa suna amfani da su kamar ma'anarsu ɗaya, amma in mai karatu ya saurari tsofaffi zai ji bambanci. Juji wurin tara shara ne wanda ke da mai shi, ana kuma sa ran ranar kwashe shi zuwa gona. Masu iya magana da suka ce babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba masa, ai yabon babba suke yi da haƙuri, ba zaginsa ba. Da juji abin ƙyama ne zalla, da ba a kwatanta dattijo da shi ba. Bola kuwa ta fi zama ta gari, wadda ba ta kowa ba ce, kuma babu wanda ke jiran ta nuna.

3.0 Tsohon tsarin gida

Bari mu ɗauki gida irin wanda na tashi a ciki, kafin leda ta yi yawa. Ragowar tuwo ta kwana ta zama ɗumame, ko a ba almajiri. Abin da ya kama a gindin tukunya a kankare, kanzo ke nan, a shanya shi don kwaɗo ko a jiƙa wa dabbobi. Dusa da ruwan tsari na awaki ne. Ƙaiƙayi a zuba a kwaɓin ƙasar gini ko a ba jaki. Toka a tace ta a sami ruwan toka na miya, ragowar a kai juji. Ƙwarya ta tsage, a kira gyartai ya ɗinke. In ta wuce gyara ta zama sakaina ta kwasar shara. Tsohon zane ya koma goyo, daga goyo ya koma tsumma, daga tsumma ya koma gammo. Na tuna kakata ba ta taɓa yarda a jefar da gwangwanin madara ba, domin ma'auni ne a wurin mai sayar da gishiri, fitila ce kuma a hannun maƙeri.

Har kayan da Turawa suka kawo sun shiga wannan tsari ba wuya. Tsohuwar taya ta zama takalmi, tub ɗinta ya zama guga. Takardar buhun siminti ta naɗe tsire da ƙosai. Tarkacen alminiyam ya narke ya dawo tukunya da ludayi. Kwalbar lemo kuwa ita ce babban darasi, kuma za mu koma kanta a gaba: ba a ganin ta a juji ko kaɗan, domin mai kanti ba ya ba ka lemo sai ka kawo kwalba ko ka ajiye kuɗinta.

Abin da ya rage bayan duk wannan tacewa shi ne sharar tsakar gida: ƙasa, toka, ganye, kara, da kashin awaki da tumaki daga turke. Wannan ba shara ba ce a idon manomi, taki ne. Da bazara sai jakuna su yi ta safara da mangala daga gari zuwa gona. Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson, a nazarin da suka buga a 1965 kan karkarar da ke kewaye da birnin Kano, sun nuna yadda gonakin wurin suke ɗaukar noma shekara da shekaru ba hutu, kuma taki na daga cikin manyan dalilai. Jakin da ya shigo birni da itace shi ne ke fita da taki. Abin da aka gani a Kano shi ne tsarin garuruwan ƙasar Hausa masu ganuwa, har da Haɗejiya. Watau gari yana da masu kwasar shara tun fil azal, kuma ba baitulmali ke biyansu ba. Hasali ma, mai juji ne ake roƙo ko a saya a wurinsa.

Kada a ɗauka wai zamanin da aljanna ne. Jujin da ke kusa da rijiya ya jawo cututtuka, shi ya sa En'e ta ɗauki duba-gari, waɗanda tsofaffi har yau suke ba da labarin tsoronsu. Camfe-camfen da ake yi wa yara, cewa juji matattarar aljannu ne kada a hau shi da tsakar rana ko da almuru, wata hanya ce ta nisanta su daga ƙazanta. Sai dai duk da wannan, sharar tana da mafita.

4.0 Shigowar leda

Leda da roba sun bambanta da duk baƙin da suka gabace su ta fuska biyu: ba sa ruɓewa, kuma arharsu ta kai yadda ba wanda ke jin asarar jefar da su. Ƙosan da ake naɗewa a takarda ya koma leda. Fura da nono, man gyaɗa, koko, har tuwon biki, duk leda. Daga shekarun 1990 ruwan leda, wanda ake kira fiya wata, ya bazu ko'ina, sa'an nan lemon roba ya fara ture na kwalba.

Matar gida ba ta sake komai ba a aikinta. Yadda uwarta ke share tsakar gida ta tara a sakaina, haka ita ma take yi, ta ba yaro ko almajiri ya kai waje. Bambancin kawai shi ne yanzu a cikin tarin akwai leda, da fasasshiyar kwalba, da tsohon batir, da ƙunzugun jarirai na zamani. Tun a 1995 wani mai bincike, Lewcock, ya rubuta yadda manoman gefen Kano suke biyan direbobin tifa su juye musu sharar birni a gona, da kuma yadda suke kuka da ledar da ke ciki. Manomin da ya zuba irin wannan taki sai ya bi yana tsince leda, in ba haka ba ta naɗe a garma, ta hana ruwa ratsa ƙasa, dabbobinsa kuma su haɗiya. Mahauta sun fi kowa sanin wannan, don su ke fasa tumbin akuya su tarar da dunƙulen leda. Ga kuma takin zamani ya zo a buhu, mara nauyi, ga babur ya ture jaki. Da haka juji ya rasa masu nemansa, ya koma bola.

5.0 'Yan jari-bola da maganar "ba a warewa"

A nan ne nake ganin masu zargin gidaje suka yi kuskure. In an ce gidajen Haɗejiya ba sa ware shara, sai a tambaya: to ina ƙarfe yake a bola? Ina tukunyar alminiyam da ta huje, ina wayar tagulla, ina fasasshen bokitin roba? Ba sa kwana. Yaran gida da kansu suke ɓoye su su jira 'yan gwangwan, waɗanda ke bi lungu-lungu da buhu da baro suna saye ko suna musaya da alewa da robobi. Abin da ya kuɓuce ya kai bola, 'yan jari-bola su tsince. Daga nan sai wurin dillali mai sikeli, daga nan a loda a mota zuwa Kano, inda masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai da sauransu suke niƙa tsohuwar roba su fitar da sabuwa. Robar lemo mai kyau ma ba ta kaiwa can, masu zoɓo da kunun aya sun saye. Sunan sana'ar kansa ya isa nazari: bola ce jari.

Sana'ar tana da nata tabon. Ana zargin wasu cikinsu da ɗauke abin da ba a zubar ba, yara ƙanana suna tona shara da hannu ba safa ba takalmi, kuma a 2023 gwamnatin Jihar Barno ta hana sana'ar tsintar ƙarafa saboda kashe-kashen da ake yi wa masu shiga daji nemansu. Amma wannan bai kau da gaskiyar cewa su ne kaɗai masu zuwa ƙofar gida a kai a kai ba tare da gwamnati ta kashe ko kwabo ba.

Saboda haka abin da gidaje ba sa warewa shi ne abin da ba shi da mai saye a kusa: baƙar leda da ledar ruwa. Ba su da nauyi, sai an tara buhu-buhu kafin sikeli ya motsa, ga datti da ke jikinsu, ga kuɗin motar kai su Kano. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Matar da za a ce ta ajiye mazubi biyu ko uku a gidan da ɗakuna suka yi wa mutane kaɗan, ta ware leda, sa'an nan ta ga yaro ya kai waje an juye duka a wuri ɗaya, ba za ta yi haka sau biyu ba. Kuma lalle ne a lura cewa mai yin shara a gidan Bahaushe mace ce, mai fitar da ita yaro ne, amma duk wani taron wayar da kai maza ake tarawa a ƙofar mai unguwa. Ana yi wa wanda bai taɓa riƙe tsintsiya ba bayanin yadda ake shara.

6.0 Wa zai biya?

Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sa kwasar shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A aikace kuwa jihohi sun kafa nasu hukumomi, kamar JISEPA a Jigawa da REMASAB a Kano. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Haɗejiya mutum kimanin 105,000, garin kuma ya ci gaba da faɗaɗa tun daga lokacin, ya fita bayan ganuwa ta kowace fuska.

Kwasar shara gida-gida aiki ne mai cin kuɗi a ko'ina cikin duniya. Rahoton Bankin Duniya na 2018 a kan shara ya ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi aikin yakan ci kusan kashi 20 cikin 100 na kasafin hukumomin birane, amma duk da haka abin da ake kwashewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara bai wuce kashi 44 cikin 100 ba. A gari irin Haɗejiya akwai ƙarin dalilai. Na farko, lungunan tsohon gari, a unguwanni irin su Majema da Rumfa da Dubantu, an yi su ne don mutum da jaki, tifa ba ta shiga. Dole sai an yi ɗauka biyu, daga gida zuwa bakin titi a baro, daga nan zuwa bayan gari a mota, kowace ɗauka kuma da ladanta. Na biyu, kuma wannan ya fi ba ni mamaki, mafi nauyin abin da tifa ke ɗauka ƙasa ce da toka da kashin dabbobi, domin yawancin tsakar gidajenmu ba siminti. Ashe hukuma tana ƙona man dizal mai tsada ne don ta kai bayan gari ta zubar da abin da manomin fadama ke buƙata, saboda kurum leda ta gauraya da shi.

In an ce to a ɗora wa gidaje kuɗin wata-wata, sai a ci karo da wata matsalar. Mutumin da ya tashi ya ga ana roƙon jujin ubansa, da wuya ya gane dalilin da zai sa ya biya a ɗauke nasa. Kuma wanda ya ƙi biyan kuɗin lantarki a yanke masa wuta, amma wanda ya ƙi biyan kuɗin shara ba abin da za a yanke masa. Zai jira dare ya zuba a lambatu ko kududdufi, ko ya cinna mata wuta hayaƙin ya shiga ɗakin maƙwabci. Kano ta gwada miƙa aikin ga kamfani a 2021, ba a yi nisa ba aka soke yarjejeniyar a 2022, birnin ya cika da tsibin shara. Tilastawa ma an gwada ta. Gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, a 1985 aka shigo da tsaftar muhalli cikinsa, daga nan muka gaji sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Wannan takan fito da shara daga lambatu zuwa bakin titi. In motar kwasa ba ta zo ba, iska da awaki da ruwan sama su mai da ita inda ta fito.

7.0 Bashin da ruwa ke karɓa

Kogin Haɗejiya ya taso ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, ya ratsa ƙasa mai shimfiɗe ƙwarai, ya bazu a dausayin Haɗejiya da Nguru, kafin ya haɗu da ruwan Jama'are su nufi Tafkin Cadi da sunan Komadugu Yobe. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sake. Ruwan da a da yakan janye da rani yanzu yana nan kusan duk shekara, wannan ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyinsa, yashi kuma ya cike su. A 2020 da 2022 mutanen gari sun kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa don kada kogi ya shigo. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Ba daidai ba ne a ce leda ce ke sa kogi ya cika. Wannan aikin ruwan sama ne da madatsai da kacala. Amma gari yana da ruwa iri biyu da ke yi masa barazana, na kogi daga waje da na sama daga ciki. Sa'ad da kogi ya cika, ruwan da ya sauka a cikin gari ba shi da gangaren da zai bi da sauri, don haka kowace kwata da kowane kwalbati suna da muhimmanci. A nan leda take yin ɓarnarta. Daɗin daɗawa, kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, waɗanda su ne ma'ajiyar ruwan sama a tsohon tsarin garuruwanmu, an mai da da yawansu bola, in sun cike a daddale a yi gini a kai. Ruwan da ya rasa kududdufinsa sai ya nemi tsakar gida, gidan ƙasa kuwa in ruwa ya kwana a gindinsa an san ƙarshen zancen. Bayan haka ga sauro a ruwan da ya kwanta, ga ƙazantar bola tana tsiyaya cikin rijiyoyi, tun da ruwan ƙasa a kwari ba shi da zurfi. Kuɗin da aka ƙi biya na kwasa ana biyansa a wajen magini da kantin magani, kuma galibi ba wanda ya zuba sharar ne ke biya ba, na gangare da shi ne.

8.0 Abin da wasu suka yi

Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017. Jamhuriyar Nijar ma ta yi doka a 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko Damagaram ya san doka daban, aiki da ita daban. Hana ledar ruwa a garin da famfo bai wadata ba zai zama hukunta mai ƙishirwa ne.

Misalai biyu sun fi kusa da halinmu. A Alƙahira akwai Zabbalin, masu bi gida-gida suna kwasar shara suna warewa, waɗanda masu nazari suka ƙiyasta suna mai da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suka kwasa abin amfani. A 2003 hukuma ta ba kamfanonin Turai kwangilar aikin, abin da kamfanonin suka iya juyawa bai kama ƙafar na Zabbalin ba. Jamus kuwa tun 2003 ta sa kuɗin ajiya a kan robar abin sha da gwangwaninsa, mutum ya mai da ita kanti a ba shi kuɗinsa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 suna komawa. Wannan ai tsohuwar dabararmu ce ta kwalbar lemo, wadda muka saki da hannunmu.

In za a gwada wani abu a Haɗejiya, ni dai a ganina kada a fara da sayen tifa. A fara da rabuwa biyu kacal, wadda kowace mace ta riga ta sani: abin da ƙasa ke ci, da abin da ba ta ci. Na farko a bar shi a jujin unguwa mai mai kula, na biyu a sa masa farashi ko yaya ƙanƙantarsa, a saya a sikeli ta hannun 'yan gwangwan ɗin da suka riga suka san kowane lungu, kuɗin kuma ya fito daga masu yin ledar da masu cika ta da ruwa da kuma abin da hukuma za ta rage na mai. Bayanin a kai shi makarantun Islamiyya na matan aure da gidajen biki da suna, inda masu tsintsiya suke. Masu sayen takin ba nesa suke ba, ga masu shinkafa da alkama da tattasai a fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri, waɗanda tsadar takin zamani ta dame su. Lokacin ma ya dace da juna, domin watannin Afrilu da Mayu da manomin tudu ke kai taki gona su ne watannin da ya kamata a ce an yashe lambatun gari kafin ruwan Yuni.